Su wa suka rera "The Symphony", kuma da gaske BDP ta binne Juice Crew?

Tun da rigimar Kendrick Lamar da Drake ta ɓarke a 2024, har waƙar zambon nan "Not Like Us" ta kwashe kyaututtukan Grammy biyar a Fabrairun 2025, masu sauraron gambarar Amurka suka koma tonon tsofaffin rigingimu domin su auna na yau da na jiya. A cikin wannan tone-tone tambayoyi biyu ne ke yawan dawowa, kuma kusan kullum a cakuɗe suke zuwa. Ta farko: su wane ne suka yi baiti a "The Symphony", waƙar 1988 da ake ɗauka a matsayin uwar waƙoƙin haɗaka? Ta biyu: tsakanin Juice Crew, ƙungiyar da ta yi waƙar, da abokiyar hamayyarta Boogie Down Productions, wadda ake taƙaitawa da BDP, wa ya fi wani?

Amsar da aka fi ji a bakin mutane ita ce wai "The Symphony" martani ce ga KRS-One, jagoran BDP, wai Biz Markie da MC Shan na Juice Crew suna cikinta, kuma wai KRS-One ya riga ya gama da Juice Crew gaba ɗaya tun 1987. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ta tsaya da ƙafarta idan aka bi diddigi.

Wace irin waƙa ce wannan?

A tsarin hip hop akwai nau'in waƙar da za a iya kira ta taron dangi: kiɗa guda, mawaƙa huɗu ko fiye, kowa ya karɓi makirfo ya yi baitinsa ya miƙa wa na gaba. Sau da yawa ba ta da amshi, ba ta da labari guda da ake bi, kuma ba a yi ta don rawa ba. Manufarta nuna bajinta. A fili 'yan gida ɗaya ne suka taru, amma a ƙasa kowa ƙoƙari yake ya dusashe ɗan'uwansa, kuma masu sauraro sun san da haka, shi ya sa muhawarar "baitin wa ya fi" ba ta ƙarewa.

Ba "The Symphony" ce ta fara tara mawaƙa da yawa a faifai ɗaya ba. Ƙungiyoyin farko irin su Furious Five da Cold Crush Brothers mutane da yawa ne, sai dai su a matsayin murya ɗaya suke waƙa, wannan ya fara layi wancan ya ƙarasa. Abin da ya zo sabo a 1988 shi ne a ɗauko mutane huɗu masu cin gashin kansu, kowa da sunan da yake son ginawa, a jera su kan kiɗa ɗaya na kusan minti shida. Daga nan ne salon ya samu siffar da aka gani a "Live at the Barbeque" ta 1991, inda aka fara jin muryar Nas, da "Scenario" wadda ta fito da Busta Rhymes sarari, da "Protect Ya Neck" ta Wu-Tang Clan.

Mai waƙar a hukumance ba mawaƙi ba ne. Marley Marl ne, mai haɗa kiɗa, kuma tana cikin kundinsa "In Control, Volume 1" da kamfanin Cold Chillin' ya fitar. Kiɗan ma ba shi da tarkace: ɗan gutsuren fiyano ne daga buɗewar "Hard to Handle" ta Otis Redding, waƙar 1968, ya yanko ya sa yana ta maimaituwa a kan ganga mai nauyi. Ke nan babu abin da mawaƙi zai laɓe a bayansa.

Muryoyi huɗu, bi da bi

Su huɗu ne, kuma ga yadda suka jeru: Masta Ace, Craig G, Kool G Rap, sai Big Daddy Kane.

Wanda ya buɗe fage shi ne Masta Ace, ɗan unguwar Brownsville a Brooklyn, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Master Ace. Shi ne baƙo a cikinsu. Ya haɗu da Marley ne bayan ya ci wata gasar gambara a 1986, wadda ladanta 'yan awoyi ne na aiki a situdiyon Marley ɗin, kuma lokacin yana karatun jami'a a Rhode Island. Muryarsa matsakaiciya ce, ba kauri ba siranta, yana furta kowace kalma tas, yana tafiya daidai da ganga ba gaggawa. Idan ka ji baitin da kake iya rubuta kalmominsa tun a sauraron farko, nasa ne. Kamar yadda su da kansu suka sha ba da labari, ba ma a shirya da shi ba. Ya bi su ne ya yi kallo. Da aka kunna kiɗa, sai manyan suka shiga jan ƙafa, kowa na jiran wani ya fara ya ga gejin da za a kafa. Marley ya ce wa Ace ya shiga ya ɗumama wuri. Abin da ya yi ya yi kyau har aka ga babu dalilin gogewa.

Na biyu Craig G, ƙaramin cikinsu, yaro ɗan kimanin shekara 15, kuma shi kaɗai ne a cikin huɗun ɗan asalin Queensbridge, unguwar da sunanta ya zama tambarin ƙungiyar. Riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba. Muryarsa ta fi ta sauran tashi sama, akwai zumuɗin ƙuruciya a cikinta, kamar mai tsoron kada a karɓe makirfon kafin ya gama. Mutane sukan tsallake baitinsa idan ana lissafi, abin da nake gani rashin adalci ne, domin shi ne daga baya ya zama gwanin gasar baka ta nan-take, har ya rubuta wasu baitocin da abokan karawar Eminem suka yi a fim ɗin "8 Mile" na 2002.

Na uku ba ya ɓuya. Kool G Rap, ɗan Corona a gundumar Queens, harshensa na ɗan taɓa haƙora idan ya zo furta harafin "s", kuma wannan ɗan cikas ɗin shi ya zama hatiminsa. Amma abin da ya fi bambanta shi shi ne yadda yake ƙulla ƙafiya. Yawancin mawaƙan lokacin a ƙarshen layi suke ajiye amsa-amo, gaɓa ɗaya ko biyu. Shi kuwa sai ya cusa ta a tsakiyar layi, gaɓa uku ko huɗu a jere, ya sake maimaita ta kafin layin ya ƙare, ya zarce na gaba ba tare da ka ji inda ya ja numfashi ba. Labarin da ya shahara shi ne baitin da ya fara yi ya yi tsawon da sai da tef ɗin naɗar sauti ya ƙare yana kan yi, dole aka sa shi ya rage. Salon da aka ji daga baya a bakin Nas da Big Pun da Raekwon, na labarin 'yan daba cikin ƙafiya mai sarƙa, jijiyarsa na komawa ga wannan mutumin.

Big Daddy Kane na Bedford-Stuyvesant, shi ma a Brooklyn, shi ya rufe. A 1988 shi ne tauraron da ke tashe, kundinsa "Long Live the Kane" ya fito a shekarar. Muryarsa ce mafi kauri, kuma a nan bai yi gudun da aka san shi da shi a "Raw" ba. Ya tafi a natse, kowane layi biyu ya dire da baƙar magana mai sa dariya, irin ta wanda ya san ba sai ya ɗaga murya ba. Asali ma, a yadda Kane ke faɗa, shi da G Rap kaɗai ya so a yi waƙar, domin sun riga sun gwada juna a kan kiɗan "Raw" kuma masu sauraron rediyo sun yi ta neman ƙari. Marley ne ya faɗaɗa ta.

Ga wanda bai saba da muryoyin ba akwai hanya mai sauƙi: waƙar da kanta tana faɗin suna. A kowace gaɓa, kafin sabon baiti ya fara, ana tambayar wa ke biye, sai a kira sunan mai shigowa a ce ya kama makirfo. Wanda ya kasa kunne a waɗannan 'yan daƙiƙoƙi ba zai yi musu da kowa ba.

Baitin wa ya fi? Yawanci tsakanin G Rap da Kane ake raba gardama. Ni a wurina G Rap ne ya fi nuna abin da ba a taɓa ji ba, Kane kuwa ya fi sanin yadda ake rufe taro. Idan aka juya jerin, aka sa G Rap a ƙarshe, waƙar za ta ƙare ne mai sauraro na haki, ba yana murmushi ba, kuma ina jin Marley ya san haka.

To ina Biz Markie da MC Shan?

Ruɗanin yana da tushe. An naɗi waƙar ne a ranar da aka ɗauki hoton bangon kundin, wanda 'yan ƙungiyar suka jeru gaban wani ƙaramin jirgin sama, daga can aka wuce gidan Marley a Queens inda situdiyonsa yake. Wanda ya ga hoton sai ya ɗauka duk wanda ke ciki ya yi baiti. Ƙari a kan haka, Biz da Shan da Roxanne Shanté duk suna da waƙoƙinsu a cikin kundin, kawai dai ba wannan ba.

Shan an so ya shiga, shi ne bai shiga ba, kuma gurbinsa ne Ace ya cike. Dalilin ya danganta da wanda ka tambaya. Ɓangare guda na cewa ya ga zubar da girma ne ya jera da sababbin shiga alhali shi ya riga ya yi suna. Shi kuma ya fi danganta abin da batun kuɗi tsakaninsa da Marley. Ko wanne ne, ya bar waƙar da ta fi kowace waƙar ƙungiyar daɗewa a kunnen mutane.

Game da Biz akwai wani abin da ya ƙara dagula lissafi. A 1990 Masta Ace ya fitar da "Me and the Biz", wadda duk mai ji zai rantse su biyu ne ke musayar baiti. Biz bai taka situdiyon ba, Ace ne ya kwaikwayi muryarsa, a bidiyon ma 'yar tsana aka sa a madadinsa. Sannan sunan "Symphony" ɗin kansa an sake amfani da shi: akwai kashi na biyu a 1991 wanda aka ƙara Little Daddy Shane, ƙanin Kane, akwai kuma "Symphony 2000" ta EPMD a 1999 mai ɗauke da Redman da Method Man da Lady Luck, wadda ba ta da alaƙa da Juice Crew. Mai lalube a intanet yana iya faɗawa kan kowacce.

Inda rigimar ta samo asali

An fi ba da labarin a matsayin faɗan unguwanni, Bronx da Queens, kan inda aka haifi hip hop. Wannan shi ne rigar da aka sa wa abin. A ƙarƙashinta akwai gidajen rediyo biyu da wani wulaƙanci da aka yi wa wasu samari.

A New York ta tsakiyar shekarun 1980, idan kana son a ji faifanka, ƙofofi biyu ne manya. Akwai Mr. Magic a tashar WBLS da shirinsa "Rap Attack", wanda Marley Marl ke juya masa faifai. Akwai kuma Kool DJ Red Alert a tashar KISS FM. Tashoshin biyu kishiyoyi ne, masu shirin ma ba sa raga wa juna. Juice Crew ta samo sunanta ne daga laƙabin Magic, wato Sir Juice, don haka ƙungiyar tana da gidan rediyo a hannu tun daga ranar farko. Kuma da zambo ta fara cin abinci: a 1984 Roxanne Shanté, tana 'yar shekara 14, ta yi "Roxanne's Revenge" a matsayin martani ga wata waƙar UTFO, abin da ya jawo ruwan martanoni daga ko'ina. Shan ma ya taɓa LL Cool J a "Beat Biter". Wato ba wasu salihai ba ne da aka zo aka tsokana suna zaman zamansu.

A ɗaya gefen akwai KRS-One, saurayin da ya yi shekaru ba shi da matsuguni, yana kwana a gidan marasa galihu a Bronx. A can ya haɗu da Scott Sterling, ma'aikacin jin daɗin jama'a da rana, mai juya faifai da dare da sunan Scott La Rock. Sun kai wa Mr. Magic wani aikinsu, ya yi watsi da shi cikin izgili. Magic ya yi ƙaurin suna wajen irin wannan. To ta ina talaka zai rama wa mai gidan rediyo? Sai ta kan mawaƙinsa.

Damar ta zo da "The Bridge", waƙar da MC Shan da Marley suka yi don yabon unguwarsu. Queensbridge rukunin gidajen gwamnati ne na masu ƙaramin ƙarfi, mafi girma a Amurka, gine-gine 96 da aka buɗe a 1939 a gindin gadar Queensboro. A waƙar Shan ya ba da tarihin yadda aka fara shagalin kiɗa a filin unguwarsu, ya lissafo mutanen da suka fara. KRS-One ya ɗauki wannan a matsayin iƙirarin cewa a Queensbridge aka haifi hip hop, ya fito da "South Bronx" a 1986. Red Alert ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya yi ta sakawa. Shan ya mayar da "Kill That Noise". Daga nan sai "The Bridge Is Over" a 1987, wadda ta zo da karin harshen Jamaika da ɗan fiyano mai sauƙin kamawa, ta kira Shan da Marley da Magic da Shanté da sunayensu, ta ci musu mutunci ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka faɗa kan Shanté, yarinyar da ba ta kai ashirin ba, batsa ce tsagwaronta, kuma yawan yabon da ake yi wa waƙar bai wanke wannan ba. Ita ma ba ta yi shiru ba, ta rama a "Have a Nice Day", wadda Kane ya rubuta mata.

Shin Shan ya yi iƙirarin da aka jingina masa? Ya daɗe yana musantawa, yana cewa tarihin unguwarsa ya bayar, ba na duniya ba, kuma wanda ya saurari waƙar da zuciya ɗaya zai ga maganarsa ta fi kusa da gaskiya. Babu mai jayayya cewa Bronx ce mahaifa. Bikin da DJ Kool Herc ya yi a lamba 1520 Sedgwick Avenue ranar 11 ga Agustan 1973 shi ake ƙirga shekarun hip hop daga kansa, shi ya sa aka yi bikin cika 50 a 2023. KRS ya kare gaskiyar da ba a kai wa hari ba, domin yana bukatar abokin faɗa mai suna. Abin dariyar ma, shi kansa a Brooklyn aka haife shi.

Me ya sa kwatancen bai cika daidaita ba

A fagen dambe, idan ɗan Arewa ya kashe ɗan Kudu a turmi guda, ana yi masa kiɗa ana ɗaga shi, amma babu wanda zai ce an gama da Kudu, domin akwai sauran zaratan da ba su ma ɗaure hannu ba. Haka abin yake a nan. KRS-One ya buge MC Shan, wannan ba a musu. Shan bai sake samun martanin da ya kama kunne ba, kuma tabon ya bi shi har yau. Amma mutane huɗun da suka yi "The Symphony" ba su ne aka zaga a "The Bridge Is Over" ba. Biyu 'yan Brooklyn ne, ɗaya ɗan Corona, faɗan Queensbridge bai zama nasu kai-tsaye ba. Kane ma abokin KRS ne, duk da ya ari Shanté alƙalaminsa. Craig G ne kawai ya taɓa ɓangaren hamayya a kundin, da "Duck Alert", ita ma Red Alert ta nufa. A "The Symphony" kuwa babu inda aka kira sunan KRS ko BDP. Fahariya ce ta gama-gari, irin wadda kowane mawaƙin gambara ke yi wa abokin hamayyar da ba shi da suna. Kuma ta fito ne shekara guda bayan an ce an binne su.

Sannan ƙungiyoyin biyu ba iri ɗaya ba ne a gini. Juice Crew tarin mawaƙa ne masu zaman kansu da mai kiɗa ɗaya da kamfani ɗaya suka haɗa. Ba su taɓa fitar da kundi da sunan ƙungiya a zamanin tashensu ba. Ƙarfinsu yawan launi: Biz da barkwancinsa da kiɗan baki, Shanté da kaifin harshe, Kane da ƙwarewa da farin jinin mata, G Rap da labaran titi, Ace da tunani mai zurfi, Tragedy da siyasa. A bayansu duka akwai Marley, wanda yana cikin na farko da suka gano za a iya yanko bugun ganga guda daga tsohon faifai a sake jera shi yadda ake so, dabarar da ta canza sautin hip hop gaba ɗaya. Shi ne kuma ya farfaɗo da LL Cool J a 1990 da "Mama Said Knock You Out", LL ɗin da Shan ya taɓa zaga.

BDP kuwa, duk da akwai D-Nice da Ms. Melodie da Kenny Parker da sauransu, a zahiri murya ɗaya ce. Bayan "Criminal Minded" ta 1987, wadda bangonta ya nuna KRS da Scott riƙe da bindigogi, sai aka harbe Scott La Rock a watan Agustan shekarar, yana da shekara 25, lokacin da ya je sasanta wata rigima da ta shafi D-Nice a Bronx. Mutuwarsa ba ta da alaƙa da Juice Crew ko kaɗan, duk da wasu na haɗa su. Daga nan KRS ya juya akala. "By All Means Necessary" ta 1988 ta zo da hoton da ya kwaikwayi na Malcolm X a bakin taga, da waƙoƙi kan 'yan sanda da miyagun ƙwayoyi. Ya koma kiran kansa malami.

Shi ma ya yi tasa waƙar taron dangin, kuma kwatanta ta da "The Symphony" ya fi kowace muhawara nuna bambancin gidajen biyu. "Self Destruction" ta 1989 ta tara BDP da Public Enemy da Stetsasonic da Kool Moe Dee da MC Lyte da Heavy D da Doug E. Fresh da Just-Ice, bayan an kashe wani matashi a wurin wasa a Nassau Coliseum a 1988. Kowa ya yi baiti kan daina kashe juna, kuɗin da aka samu aka ba ƙungiyar National Urban League. Ɗaya taron nuna gwaninta ne na 'yan gida, ɗaya taron wa'azi ne na gari duka.

Don haka idan tambayar ita ce wa ya ci faɗan 1987, BDP ce, ba tantama. Idan saƙo ne da tasiri kan tunanin matasa, KRS ya yi gaba. Idan kuwa ana maganar fasahar baiti da kiɗa da yawan gwanaye, ban ga yadda mutum ɗaya zai rinjayi gidan da ke da Kane da G Rap a lokaci guda ba.

Wa ya ci riba, wa ya biya

Kasuwa ce ta fara cin riba. Tashoshin biyu sun samu masu sauraro, ƙananan mawaƙa irin su Poet da MC Mitchski sun shiga rububin sun samu a ji sunansu, KRS ya tashi daga gidan marasa galihu zuwa kwantiragi da kamfanin Jive. Shi da kansa ya sha faɗa cewa da Shan bai tanka masa ba, da wataƙila ba a san shi ba. Wannan darasin ne kamfanoni suka haddace, kuma shi ke aiki har zuwa kan Kendrick da Drake: zambo na sayar da faifai, kuma wanda ya fi suna shi ke da abin asara idan ya amsa.

Shan, wanda ake yi wa kallon wanda aka kayar, bai tashi a tutar babu ba. Yana cikin waɗanda suka haɗa "Informer" ta Snow, har ya yi baiti a ciki, waƙar da ta yi mako bakwai a saman jadawalin Billboard a 1993, matsayin da babu wata waƙar BDP da ta taɓa kaiwa. Gadar da aka ce ta rushe kuma, wato Queensbridge, ita ta fito da Nas da Havoc na Mobb Deep da Cormega da Capone, har suka sake rera waƙar Shan ɗin a 2000 da sunan "Da Bridge 2001". Shanté ta karɓi Grammy ta girmamawa kan aikin rayuwa a 2025.

Ga talakan mai sauraro, abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan rigimar a kan faifai ta tsaya. An yi zage-zage masu zafi, yaran unguwanni sun ɗauki abin da gaske, amma manyan ba su kai shi ga jini ba. Shekara goma bayan haka, da aka yi irinta tsakanin gabashi da yammacin Amurka, an kashe Tupac Shakur a 1996 da Notorious B.I.G. a 1997. A wancan karon kuɗin sun yi yawa, 'yan daba na gaske sun shiga tsakani, jaridu kuma suna ta hura wuta. Magoya baya su ne kullum na ƙarshen jin cewa an shirya. KRS da Shan sun fito tare a tallar Sprite a shekarun 1990, suna karɓar kuɗi da faɗan da yaran unguwa ke ci gaba da yi a madadinsu. A 2007 KRS da Marley Marl suka fitar da kundi guda, "Hip Hop Lives". Mr. Magic, wanda izgilinsa ya kunna wutar, ya rasu a 2009, Biz Markie kuma a 2021.

Karawar da mutane suka yi shekaru suna cewa ita ce ta dace tun farko, wato KRS-One da Big Daddy Kane, sai a Oktoban 2021 aka yi ta, a dandalin Verzuz a zauren Barclays da ke Brooklyn. Dukansu sun haura hamsin a lokacin, kowa ya jero tsofaffin waƙoƙinsa, kuma tsarin wasan ba ya bayyana wanda ya yi nasara a hukumance.